Kujerar Maman Ƙyalle

In kuka shigo layinmu kuka tambayi yayana da sunansa na gaskiya, sai an yi ta kallon-kallo kafin a gane wa kuke nufi. Ku ce Ci-ƙusa kawai, kowa zai nuna muku shagon. Mai gyaran kujeru ne. Tun yana saurayi yake aiki da ƙananan ƙusoshi cike da baki, yana turo su ɗaya bayan ɗaya da harshe yana bugawa, shi ya sa aka laƙa masa sunan. Na sha gaya masa wata rana sai ya haɗiye guda mun ƙare a asibiti. Bai taɓa ba ni amsa ba, don bakin a cike yake.

Ni ƙanwarsa ce, labule nake ɗinkawa. Shagona yana jikin nasa, falanki ne kawai ya raba mu, in ya yi atishawa ni nake ce masa sannu. Saboda haka abin da zan faɗa muku ba a bakin wani na ji shi ba. Zancen wata tsohuwar kujera ce da matarsa ta mutu ta bari, wadda 'yarsu ɗaya tilo ta roƙa a ba ta lokacin aurenta, da abin da hannun Yaya ya yi wa kujerar.

Sai dai kafin kujerar, ya kamata ku san mutumin. Muna ƙanana mahaifinmu ya rasu, Yaya ya ajiye makaranta ya shiga wajen wani tsohon kafinta. Can ya koyi zarto da guduma, daga baya ya karkata ga soso da yadi. Can kuma, ina ji, ya kwaso ciwon da bai rabu da shi ba: idonsa ba ya iya ganin abu a yage ko a karye ya ƙyale shi. Mun taɓa zuwa gaisuwar mutuwa, ana cikin jimami na waiga na ga Yaya ya kifa kujerar mutane yana ɗaure mata ƙafa. Na ce, "Yaya, don Allah ka rufa mana asiri!" Ya ce, "Girgiɗi take yi." A asibiti ma ya yi, bencin da masu jiran likita ke zama. Har ma'aikaciyar ta ɗauka an turo shi ne, ta nuna masa wani bencin a ciki.

Magana ba ta dame shi ba. In ya ɓata wa matarsa rai ba zai ce ta yi haƙuri ba, sai dai ta wayi gari ta ga sabuwar kanta a kicin. Ranar da aurena ya mutu na dawo gidansa da akwati da keken ɗinki da kumburarrun idanu, bai tambaye ni me ya faru ba. Ya dube ni, ya dubi keken, ya fita. Kafin mako ya zagayo ya raba shagonsa biyu da falanki, ya ƙera min tebur daidai tsayina, ya kafa min ƙarfen rataye yadi. Da na shiga na gani na fashe da kuka, shi kuwa cewa ya yi, "Kar ki jingina da wancan gefen, gam ɗin bai bushe ba." Haka Yaya yake cewa yana son mutum. Duk mun saba, mun kuma iya fassara shi.

Lokacin da ya yi aure ɗakinsu ba komai sai katifa a ƙasa da bokiti. Wata rana yana dawowa daga aiki ya ga an jefar da kujera mai hannu a bayan wani otal, ƙafa uku, sifirin, wato murɗaɗɗen ƙarfen cikinta, ya fito waje, kyanwa ma ta haihu a ciki. Ya ɗauko ta a ka ya ratsa gari da ita. Ya sassaƙa mata ƙafa, ya cusa mata guntayen soso, ya rufe ta da ragowar yadin aikin mutane. Yadin bai isa ba, sai ya haɗa kore iri biyu, wajen zama mai duhu, majingina mai haske. Amaryar ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce kujerar kamar ta sa rigar aro. Sannan ta ja ta bakin taga ta zauna, kuma tun daga ranar ba wanda ya ƙara tunanin kujerar ta wani ce ban da ita.

A kanta ta shayar da 'yarsu. Yarinyar kuwa tun tana jaririya in uwar ta kawo abinci shago sai a kwantar da ita cikin kwandon guntayen yadi, daga nan aka fara ce mata Ƙyalle, uwar ta zama Maman Ƙyalle. A kan kujerar take yi wa yarinyar kitso, yarinyar na zaune a ƙasa tsakanin gwiwoyinta tana kukan ƙarya. A kanta take ɗinke maɓallan rigunan Yaya, take shan shayi, take leƙen layi ta ba ni rahoton wanda ya wuce da wadda ya wuce da ita. Mace ce mai baki, Allah ya jiƙanta, ni da ita in muka haɗu Yaya sai ya nemi wani aiki a tsakar gida.

Shekaru suka ci kujerar. Wajen zaman ya lotsa ya yi gurbi daidai jikinta, hannayen suka goge har zare ya fito, inda take ɗora kai ya yi duhu da man gashi. Akwai ƙunar dutsen guga a gefe, akwai tabon shayi. Abin yana cin Yaya, sosai kuwa. Mutumin da yake gyara kujerun manyan gidaje, a ce tasa ta gida ta zama haka? Duk ƙarshen shekara sai ya zo da guntun yadi ya ɗora a hannun kujerar, ya ce, "Dubi wannan. Kwana biyu kawai zan ɗauke ta."

Ita kuma ta ce, "Ci-ƙusa, je ka gyara na mutanen gari. Wannan ta san ni, na san ta."

"Mutane suna shigowa suna gani."

"To su rufe ido."

Mu dai dariya muke yi. Ya zama wasan gidan, shi ya kawo yadi, ita ta kore shi da shi.

Da ciwon zuciya ya kama ta, kwanciya ta gagare ta. In ta miƙe a gado numfashi sai ya tsaya mata, saboda haka kujerar ta zama gadonta. A zaune take barci, da filo a bayanta, Ƙyalle na shafa mata ƙafafun da suka kumbura. A lokacin Ƙyalle ta gama makaranta tana aiki a wani kantin magani, ita ce mai kawo ƙwayoyin, ita ce mai faɗa in an manta sha. Yaya kuwa ya ƙera matashin ƙafa, ya ƙera ɗan tebur mai taya, ya gyara taga don iska ta fi shigowa. Duk abin da guduma za ta iya ya yi. A asibiti ta cika, da hantsi, muna tsaye mu uku.

Bayan rasuwar, kujerar ta zauna a bakin taga yadda ta bar ta. Yaya ba ya zama a kai, ba ya ma kallon wajen, in zai wuce sai ya yi kwana kamar akwai rami. Ƙyalle ce take dawowa daga aiki ta cire takalmi ta naɗe a cikin gurbin nan, ta cusa fuska a majingina. Na taɓa ce mata ta tashi ta ci abinci, ta ce, "Gwaggo, bari kaɗan. Har yanzu tana ƙanshinta." Na fita tsakar gida na yi nawa kukan a gindin famfo.

Aka kwana aka tashi, Allah ya kawo mata miji. Yaron kirki, mai gyaran wutar lantarki, mai yawan dariya, aljihunsa kuwa iska ce ke shiga ta fita. Ya kama ciki da falo a saman wani bene, fentin bangon yana ɓarewa, tagar kicin ba ta rufuwa. Mu ma ba wani abin kirki muke da shi ba, jinya ta cinye ɗan abin da aka tara. Ƙyalle ta ce ba za a ci bashi a kanta ba, ba za a kama wajen taro ba, a tsakar gida za a yi komai, kuma da hannunmu za mu yi.

Kai, ku zo ku ga Yaya! Mutumin da tun rasuwar yake tafiya kamar an zare masa laka, sai ga shi ya farfaɗo. Ya hau benen nan da tef ɗin awo ya auna falon, ya auna ɗakin, ya auna faɗin ƙofa da kwanar matakala, don kar a ƙera abin da ba zai shiga ba. Ya sayo wata tsohuwar ƙofa wajen masu rusau, ya kankare ta, ya sa mata ƙafafu, ta zama teburin cin abinci. Ya samo durowa a gwanjo wadda gara ta fara ci, ya canja mata baya, ya shafe ta da farin fenti, ya sa mata hannaye daga wata matacciyar kabad. Katakon da ake ɗora kaya a kasuwa, wanda ake zubarwa, shi ya mayar gado. Angon ya zo ya gani ya ce, "Baba, wannan in na faɗa wa abokaina daga bola ya fito sai su ce ƙarya nake." Yaya ya ce, "To kar ka faɗa."

Ni kuma na juye buhunan ragowar yadina. Na haɗa labulen falo da yadi iri uku, na ce wa Ƙyalle haka ake yayi yanzu, ta ce, "Gwaggo, a wace ƙasa?" Na ce a ƙasar da ba kuɗi. Muka tara kwalaben da aka sha aka yar, muka wanke, muka shafa musu fenti ruwan zinariya, ƙawayenta suka zauna suna naɗa furanni da takarda mai laushi suna cusawa a ciki. Kujerun roba muka aro gida-gida, na ɗinka musu riguna da tsohon farin zanen gado don kar a gane wannan ja ce wannan shuɗiya. Angon ya ja ƙananan ƙwayayen fitila daga bishiyar tsakar gida zuwa bango. Gidan ya cika da warin fenti da surutun 'yan mata, har maƙwabta suna leƙowa suna ba da shawarar da ba a tambaye su ba.

Cikin wannan hidimar ne, muna cin abinci mu uku, Ƙyalle ta ajiye cokali ta ce, "Baba, abu ɗaya nake so na tafi da shi daga gidan nan."

Ya ce, "Me?"

"Kujerar Mama."

Ya juya ya dubi bakin taga. Ina jin rabonsa da ya dubi wajen kai tsaye tun ranar da muka dawo daga asibiti. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "To." Ita ta ci gaba da cin abincinta, ni na miƙa masa ruwa. Ba wanda ya ƙara komai a kai, don wa zai yi tunanin akwai abin da ake buƙatar ƙarawa?

Da bikin ya matso, Ƙyalle ta koma ɗakina da kwana, ita da ƙawayenta da tulin furanninsu, da rana kuma suna can bene suna fenti. Ni ina ta fama da rigunan kujeru. Ta cikin falankin nan ina jin Yaya yana aiki ya rufe ƙofarsa, ina jin ƙarar ɓarke yadi, ina jin guduma. Har fito na ji yana yi, abin da ban ji ba tun matar na da lafiya. Na ce a raina, alhamdu lillahi, mutumin nan ya dawo.

Ana jibi biki, da safe, ya ƙwanƙwasa falankin ya ce, "Zo ki gani."

Na zagaya. Ga wani abu a tsakiyar shagon an lulluɓe da zane. Yaya yana tsaye a gefe, hannu a baya, yana murmushi kamar yaron da ya ci jarrabawa. Ya yaye zanen. Kujera ce ta karammiski shuɗi mai duhu, ɗinkin gefenta a miƙe sambal, maɓallai a jere a majingina, ƙafafun suna sheƙi. Na san yadin, ragowar aikin wani babban gida ne da ya ɓoye a saman kabad shekara da shekaru yana cewa sai aiki na musamman. Wallahi ban taɓa ganin ya yi aiki mai kyan wannan ba.

Na ce, "Ta wa ce?"

Ya ce, "Ba ki gane ta ba? Dubi ƙafar baya."

Na duba. Ƙafar da ya sassaƙa da hannunsa ce, tun farkon aurensu. Sai na ɗora hannu a ka.

Shi kuwa bai lura ba, ya shiga bayani, mutumin da ba ya magana. Ya canja sifirin duka. Ya ɗaure katakon da sabon gam. Ya danna wajen zaman da tafin hannu ya ce, "Taɓa ki ji. Soson nan babu irinsa a kasuwa, sai da na sa aka nemo min. Har jikokin Ƙyalle za su zauna bai lotsa ba."

Na ce, "Yaya, ina koren yadin?"

"Wane? Tsumman?"

"Ina tsohon soson?"

"Na zubar mana. Ya ruɓe, yana ta zuba kamar gari."

Na ce, "Innalillahi! Yaya, me ka yi? Me ka yi haka?"

Murmushin ya tafi, amma bai gane ba tukuna, haushi ma ya ji. Ya ce, "Ke kuma fa? So kike na kai 'yata gidan miji da yagaggiyar kujera? Dangin miji su shigo su gani, su ce ai ubanta mai gyaran kujeru ne?" Sannan muryarsa ta sauka. "Uwarta ta ƙare rayuwarta a kan tsumma. Ni ina can ina gyara wa matan wasu. Kin san yadda abin yake min? Ban samu na yi mata ba tana da rai. Yanzu na yi."

Tausayinsa ya kama ni, haushinsa ma ya kama ni, na rasa wanne zan fara da shi. Na ce, "Ba kujera yarinyar nan ta roƙa ba. Kujera ai kana iya ƙera mata goma. Gurbin uwarta ta roƙa, inda jikinta ya lotsa, inda kanta ya yi duhu. A nan take sa fuska kullum in ta dawo aiki. Kai ba ka gani?"

Ya ce, "Ba na kallon wajen."

Ya tsaya. Na ga maganar tana shigarsa a hankali. Ya kai hannu baki ya tofa 'yan ƙusoshin da suka rage a gefen kuncinsa cikin tafinsa, ya dube su kamar bai san me ne ne ba. Sai kawai ya fita da sauri ta ƙofar baya, inda durom ɗin shara yake. Na bi shi. Durom ɗin wayam, motar shara ta riga ta zo ta kwashe.

Muka hau motar haya zuwa babban juji na bayan gari. Ni da ɗan kwalina na toshe hanci, shi ko a jikinsa. Dattijo da furfurarsa, ya shiga cikin shara har gwiwa, da sanda a hannu yana tonawa, rana ta take, hayaƙi yana tashi ta ko'ina don an cinna wa wani gefen wuta. Masu tsintar ƙarfe suka tsaya suna kallonmu, ɗaya ya tambaya ko zinariya muka yar. Duk abin da ya yi kama da kore sai Yaya ya jawo. Ya tono soso ya fi a ƙirga, ya matsa a hannu ya jefar, ya ce ba shi ba ne. Da rana ta yi sanyi na riƙo hannunsa na ce mu tafi. Ya biyo ni ba musu, ƙafarsa tana jini inda kwalba ta yanke shi, bai ma sani ba.

Na ce bari ni na gaya mata. Ya ce a'a, shi ya yi.

Washegari ya aika aka kira ta. Ta shigo shagon da fenti a hannu da goshi, tana dariya, tana cewa, "Baba, in wani tebur ne kuma, wallahi ba wuri." Ya yaye zanen. Ita ba ta buƙaci a nuna mata ƙafar baya ba. Dariyar ta tsaya a fuskarta. Ta matsa, ta ɗora hannu a wajen zaman ta danna, soson ya dawo ya cike. Ta sunkuya ta kai hancinta majingina. Ni daga inda nake tsaye ina jin abin da take shaƙa, gam ne da sabon yadi.

Yaya ya ce, "Na je juji. Ban samu ba." Iyakar abin da ya iya fitarwa ke nan.

Ta miƙe. Ta dube shi, ta dubi ƙafarsa da na ɗaure da ƙyalle, ta dubi yatsunsa da ƙusa ta farfasa. Na so a ce ta yi ihu, wallahi na so, da ta zage mu duka da ya fi sauƙi. Sai ta ce, "Ta yi kyau, Baba. Sannu da aiki."

Ta fita a hankali ta shiga shagona. Na tarar ta cusa kai cikin tulin labule tana kuka, tana danne bakinta da yadin don kar a ji. Tana cewa, "Gwaggo, shi ke nan ta tafi. Yanzu ne ta tafi." Na rungume ta, na kasa ce mata ta yi shiru, na kuma kasa gaya mata cewa falanki ne kawai tsakaninmu da ubanta. Ta can gefen ba motsi, ba guduma, ba komai.

Biki ya yi kyau, ba zan yi ƙarya ba. Da yamma aka kunna fitilun nan, kwalaben suka ɗauki haske, ba wanda zai ce kujerun aro ne. Mata suna ta tambayata wane kamfani muka ɗauka, ina cewa kamfanin ni da yayana. Ƙyalle ta yi murmushi a duk hoton da aka ɗauka. Yaya ya sa sabuwar riga ya zauna can ƙarshen layi kusa da famfo, duk wanda ya zo ya yaba masa teburin ko gadon sai ya gyaɗa kai. Kujerar da yake kai tana girgiɗi, ina gani, bai ko sunkuya ya duba ba.

Da aka zo loda kaya a mota, aka fito da shuɗiyar kujerar, mutane suka yi caa suna taɓawa. Ƙyalle ta matso kusa da ubanta ta ce a hankali, "Baba, ka ajiye min ita tukuna. Falon ya yi ƙanƙanta."

Shi da ya auna falon da hannunsa, ya kuma bar wa kujerar wurinta a bakin taga. Ya ce, "Haka ne. Ya yi ƙanƙanta."

Kar ku ɗauka sun ɓata. Tana zuwa duk mako, ta kawo masa abinci, ta duba magungunansa, ta yi masa faɗa a kan ƙusa a baki. Sai dai in ta shigo falon ubanta a ƙasa take zama, ta ba wa taga baya, inda aka mayar da kujerar. Ba ta taɓa tayar da maganar ba, shi ma haka. A shago kuma ya ɗauko wani sabon hali. In aka kawo tsohuwar kujera, kafin ya taɓa ta sai ya tsare mai ita da tambaya: wa yake zama a kai, yana da rai, mutanen gidan duk sun yarda a gyara? Wasu su yi dariya, wasu su ɗauke kayansu su kai gaba. An fara cewa Ci-ƙusa tsufa ya taɓa shi. Na ji wata ta faɗa a bakin shagona, na ce ta karɓi labulenta ta ƙara gaba kafin na manta ni mai sana'a ce.

Kwanakin baya na shiga gidan da rana ɗaukar almakashina, na ga buhun yashi a kan kujerar. Na ɗauka wani aikin gini zai yi. Da yamma na koma na tarar ya sauke buhun, shi ne a zaune a kai, ya takure, hannayensa a kan hannayen kujerar. Ashe haka yake yi tun bayan bikin, in zai fita ya ɗora buhu, in ya dawo ya zauna da kansa.

Ya ce, "Tsaya ki gani." Ya miƙe. Muka zuba wa wajen zaman ido. Ɗan lotsawar da ya yi ta taso a hankali, ta cike, ta koma sumul kamar ba a taɓa zama ba.

Ya ce, "Ya ƙi. Mai kyau na sa mata."

Na ce, "To ka buɗe ta mana, ka sa mai laushi, ka fafe shi da wuƙa yadda yake a da. Kai da ba abin da ya gagare ka."

"Na gwada a shago. Na ɓata soso da yawa." Ya shafa majinginar. "Na san tana karkata gefe guda in ta zauna. Na rasa wanne. Shekarun nan duka ina wucewa ta gabanta, yagewar kawai nake gani." Ya juyo ya dube ni, idanunsa sun kaɗa. "Ke da kuke hira kullum. Hagu take karkata ko dama?"

Na rufe ido na nemo ta a bakin tagar nan, ina jin muryarta, ina ganin kofin shayinta, amma gefen ya ƙi zuwa. Na ce, "Yaya, ban sani ba. Ƙyalle ce kaɗai za ta sani."

Ya ce, "Na sani. Ba zan iya tambayarta ba."

Ya sunkuya ya rungumo buhun yashin, da ƙyar, don bayansa ba kamar da ba. Ya tsaya da shi a ƙirji yana kallon kujerar, ya matsa hagu, ya dawo dama. Sannan ya ajiye shi a tsakiya.